Turaku Uku a Gonar Citta

Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya mata uku da gonar citta guda ɗaya a bayan gari, can ta gefen Kwoi, inda wani faffaɗan dutse ya kwanta a tsakiya muna shanya citta a kansa. A wurinmu mace ba ta gadon ƙasa. Idan namiji ya mutu bai bar ɗa namiji ba, gona takan koma hannun 'yan'uwansa maza. Bayan jana'iza dangi suka zauna, babban kawun mijina ya ce a bar ni in ci gaba da noma tukuna. Kowa ya yi ta yaba masa, wai ya yi adalci. Ni kuwa na koma ɗaki na kwana ina juyi, domin abin da aka ba ka tukuna ba naka ba ne.

A wannan zaman akwai mutum ɗaya da bai ce uffan ba, wato ƙanin mijina, wanda yake koyar da kimiyya a wata kwaleji a Kafanchan. Shi ne ke bin mijina, don haka idan gonar za ta koma hannun wani, hannunsa za ta koma. Ya zauna a kujerar roba yana goge tabarau da bakin riga har aka tashi. Da ya yi magana, ko a kaina ne, da na san inda na tsaya. Wannan shirun nasa na riƙe shi a raina shekara huɗu, ina jiran ranar da zai fashe.

Shi mutum ne da ba ka gane cikinsa. Ba ya faɗa, ba ya dariya da ƙarfi, idan ka ba shi abinci ya cinye ba zai ce ya yi daɗi ko bai yi ba. Kullum "matarmu" yake kirana, kamar yadda dangin miji ke yi. Lokacin da mijina yake da rai ban damu ba. Bayan rasuwarsa sai kalmar ta riƙa yi mini kama da yadda mutum ke cewa akuyarmu ko rumbunmu.

Wata Asabar, ruwa ya ɗauke, ganyen citta ya fara yin rawaya, sai ga shi a kan babur da jaka a baya. Na ba shi ruwa, muka gaisa, ya tambayi yara. Sannan ya ce, "Matarmu, ina so mu je gona in duba wani wuri."

Na ɗaure fuska na ɗauki mayafi. Muna isa ya fito da wata 'yar na'ura mai kama da waya, ya riƙe ta a tafin hannu yana tafiya a hankali, yana duban lambobi. Ya yi gabas, ya dawo, ya yi taku biyar arewa, ya tsaya a gefen dutsen inda ƙasa take fili babu shuka. Ya rubuta lambobin a wani ƙaramin littafi. Na san irin wannan tafiyar. Shekarun baya wasu mutane sun zo wani ƙauye a hanyar Kagoma da irin wannan na'urar da wani abu mai ƙafa uku, suka ce hanya suke aunawa, daga baya masu gonakin suka wayi gari an kewaye musu ƙasa da waya ana haƙar ma'adini. 'Yar'uwar mahaifiyata tana cikin waɗanda abin ya shafa.

Na ce, "Malam, me ake aunawa?"

Sai ya shiga yi mini bayani kamar yana gaban aji. Ya ce akwai duwatsu da suke yawo a sararin sama, wasu suna wucewa kusa da duniya, kuma masana suna bin sawunsu don su san ko wani zai taɓa faɗo mana. Ya ce ɗaya daga cikinsu, ƙarami, zai gifta ta gaban wani tauraro ranar Alhamis ta sama, ƙarfe takwas da 'yan mintoci na dare. Idan ya gifta, tauraron zai ɓace na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, amma ba kowa zai ga haka ba, sai wanda yake tsaye daidai inda inuwar dutsen za ta bi ta ƙasa. Faɗin inuwar, in ji shi, bai fi daga gonata zuwa coci ba. Abokan aikinsa biyu za su tsaya a gefe da gefe, shi kuma a tsakiya, kowa da madubin hangen nesa da kamara. Idan aka haɗa lokacin da tauraron ya ɓace wa kowannensu, za a san girman dutsen da ainihin hanyar da yake bi.

Na saurare shi har ƙarshe. Ni ma malama ce, shekara talatin ina koyarwa a firamare, na san yadda ƙarya take idan mai ilimi ne ya shirya ta: takan zo da tsawo da lambobi. Duk faɗin duniyar Allah, da Kano da Legas da ƙasar Turawa, a ce inuwar wani dutse ba ta ga inda za ta bi ba sai gonar gwauruwa mai 'ya'ya mata uku? Na kusa yin dariya.

Daga nan ya zaro wata takarda daga jaka ya miƙo mini da biro. Ya ce ƙungiyar da ta ba su aron kayan aiki tana so mai wuri ya sa hannu cewa ya yarda. Ban ko taɓa ta ba. Na haɗa hannuwana a baya kamar 'yar makaranta a layi. Na ji labarin mutanen da suka sa hannu a takardar da aka ce ta taki ce, ashe ta sayar da gona ce.

Na ce, "Mayar da takardarka aljihu. Ka yi abin da ka ga dama, ai gonar gidanku ce."

Kowane mai hankali zai ji zafin da ke cikin maganar. Shi kuwa sai ya ce, "To, na gode, matarmu." Ya ninke takardar, ya fito da turaku uku na ƙarfe masu jan fenti a kai, ya ɗauki dutse ya kafa su a ƙasa a gabana, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce nan ne ƙafafun madubin za su zauna, kada a taɓa su.

A wurinmu mai son ƙwace ƙasa ba ya zuwa da faɗa. Turke yake kafawa, ko ya dasa itacen iyaka, ya yi tafiyarsa. Idan mai gona ya yi shiru har damina ta zagayo, sai a ce ai ya gani bai hana ba. Kuma cire turken a ɓoye ba ya warware komai, sai ma a ce kai ne mai rashin gaskiya. Dole a cire shi a gaban shaidu, wanda ya kafa yana tsaye yana kallo. Ƙanin mijina a garin nan aka haife shi, ya san wannan sarai. Ina tsaye ina jin bugun dutse a kan ƙarfe, raina yana tafasa, amma na yi shiru domin babu kowa a wurin sai ni da shi.

Da zai hau babur ya ƙara wani abu da ya gama tabbatar mini. Ya ce, "Roƙo ɗaya, matarmu. Ranar, daga ƙarfe takwas zuwa takwas da kwata, kada a kunna wuta kusa da wurin. Ko tocila, ko hasken waya. Duhu muke so sosai."

Na ce a raina, ai dole ku so duhu.

Kwanakin da suka biyo baya ban yi barcin kirki ba. Kullum da safe sai na je na tsaya a kan turakun nan ina kallonsu. Na kira babbar 'yata da take aikin jinya a Kafanchan na faɗa mata. Ta ce, "Mama, Baba Ƙarami fa tun muna yara yake kallon taurari, kin manta yadda yake kwana a waje da tabarma?" Ban manta ba. Na ce mata kallon taurari bai hana mutum son ƙasa. Ta ce in bari ta yi masa magana, na ce idan ta kuskura ta kira shi ni da ita ne. A zumuntar mata ta coci ranar Talata na nemi a sa ni a addu'a ban faɗi dalili ba, kuma tun kafin a ce amin na riga na gama shirya abin da zan yi.

Na je wurin mai unguwa da yamma, na tarar da shi yana gyaran buhunan citta. Na zayyana masa komai. Ya cire hula ya sosa kai.

Ya ce, "Mama, ka tabbata? Wannan mutum ba shi da wahala fa."

Na ce, "Turaku uku ne a gonata, Baba. Ka zo ka gani da idonka."

Ya ce, "In turke ne, to maganan ya zama babba. Zan zo."

Daga nan na wuce gidan dattijon ikilisiyarmu, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, yana da babur, kuma in ya ba da shaida ba mai musa masa. Na ce su zo tare ranar Alhamis. Na faɗa musu lokaci, takwas da minti biyar, kada su riga kada su makara. Na kuma ce wa dattijon ya shigo da babur ɗinsa ta hanyar masu ɗaukar citta har bakin dutsen, fitila a kunne, don a ga fuskar kowa da abin da ke hannun kowa. Wannan shawarar tawa ce ni kaɗai, babu wanda ya ba ni ita.

Ranar Alhamis tun la'asar ƙanin mijina ya iso da mota da wasu mutum biyu, mace da namiji. Suka gaishe ni da ladabi, ya sauke su da kayansu a wuraren da suka zaɓa, ɗaya ta wajen rafi, ɗaya ta wajen hanyar coci, shi ya dawo gonata. Na bi shi da kujerata, na ce zan kalla. Ya yi murna har ya ba ni mamaki. Ya kafa ƙafafun nan uku daidai kan turakun, ya ɗora wani bututu mai kaurin turmi, ya jona waya zuwa kwamfuta da ya rufe da baƙin zane don kada haskenta ya fita. Yana aiki yana magana, abin da ban saba ji daga gare shi ba. Ya ce wata shida suna shirin wannan daren. Ya ce kullum irin wannan inuwar takan bi ta teku ko ta ƙasashen da ke da kayan aiki, bai taɓa zaton za ta bi ta garin da aka haife shi ba. Ya ce da yayansa yana nan da ya yi masa tsiya, ya ce ga mahaukacin taurari ya kawo hauka har gona.

Da ya ambaci mijina na kusa yarda da shi, domin lallai haka mijina yake kiransa. Amma na ce wa kaina, wannan ma cikin dabarar ne, a tausasa ni kafin a yanka.

Duhu ya shiga. Sama ta yi tas, babu gajimare ko ɗaya. Ya ɗaga bakin zanen kaɗan ya ce in leƙa. A fuskar kwamfutar akwai ɗigo-ɗigon haske, ya nuna mini ɗaya da farce, ƙarami, ba shi da wani abin burgewa. Ya ce, "Shi ke nan. Ki sa masa ido. Zai mutu ya dawo." Wasu lambobi suna gudu a ƙasan hoton. Ya kira abokansa a waya ya ji sun shirya, ya katse kiran ya sa wayar a aljihu. Ya fara ƙirga mintoci a hankali. Saura biyu. Saura ɗaya.

A nan ne, ina durƙushe kusa da shi kaina a ƙarƙashin zane, na lura hannunsa yana rawa. Na yi shekaru ina kallon yara a ranar jarrabawa, na san rawar hannun mai satar amsa, na san ta wanda ya yi karatu yana tsoron kada ta kuɓuce masa. Wannan ta biyun ce. Babu safiyo mai auna ƙasa, babu igiyar awo, babu wani da ya ɓuya a bayan dutse. Na buɗe baki in ce masa wani abu, ban san ta inda zan fara ba, sai na ji ƙarar babur daga hanyar gona.

Dattijonmu mutum ne mai cika alkawari. Ya shawo kwanar dutsen da fitila a kunne kamar yadda na ce, hasken ya share ganyen citta ya faɗa kai tsaye cikin bakin bututun. Fuskar kwamfutar ta koma fara fat. Ƙanin mijina ya yi ihu, ban taɓa jin muryarsa haka ba: "Kashe! Kashe wutan, don Allah!" Ya ruga ya tsaya tsakanin babur da madubin ya buɗe hannuwa kamar mai tare shanu. Dattijon ya rikice, ya taka birki, mai unguwa ya kusa faɗowa daga baya, aka yi ta laluben makunni. Kafin fitilar ta mutu, abin da za a yi ya riga ya wuce.

Ya koma ya durƙusa gaban kwamfutar, ya mayar da hoton baya, ya sake kallo, ya sake mayarwa. Ɗigon yana nan, sai fari, sai ɗigon ya dawo yana nan kamar ba abin da ya faru. Wayarsa ta yi ƙara. Matar da ke wajen rafi ta ce tauraron bai ɓace mata ba. Na wajen coci ya ce ya ga kamar ya ɗan dushe, amma bai tabbata ba, me tsakiya ta samu? Ya ce, "Tsakiya ba ta samu komai ba." Ya kashe.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. Shi aikinsa ya zo yi. Ya haska ƙasa da tocila ya ga jan fentin, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, amma an kawo ƙara. Wa ya kafa turaku a gonan nan, kuma da izinin wa?"

Ƙanin mijina ya dube shi, ya dubi dattijon, sannan ya juyo ya dube ni. Ya daɗe yana kallona. Na ga lokacin da ya gane, kuma da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Bai yi faɗa ba. Ya buɗe jaka ya zaro takardar nan, har yanzu a ninke yadda ya ninke ta ranar Asabar, ya miƙa wa dattijon.

Dattijon ya sa tabarau, mai unguwa ya haska masa, ya karanta da Turanci yana juyawa da Hausa. Layi huɗu ne kacal. Cewa mai wannan gona ta yarda a kafa madubi a cikinta na dare ɗaya, kuma ba a neman komai a ƙasar bayan haka. A inda aka ce sunan mai gona, an riga an cike da biro, da rubutun ƙanin mijina, sunana ne cikakke.

Mai unguwa ya ce, "Malam, kai ka rubuta wannan? Ka ce gonan nata ne?"

Ya ce, "To na wa ne? Ita take noma shi. Yayana ya bar mata da yaranta. Ni ban taɓa tunanin akwai wata magana ba."

Mai unguwa ya juya ga dattijon ya ce, "Ka ji?" Dattijon ya ce ya ji. Mai unguwa ya ce, "Ni ma na ji. Mama, maganan ya ƙare. Ba wanda zai sake tada shi, ko a gaban dangi."

Abin da na yi shekara huɗu ina roƙon Allah ya ba ni ke nan, magajin gonar ya faɗa da bakinsa a gaban shaidu biyu, ga kuma takarda. Tun ranar Asabar aka miƙo mini ita, ni da na koya wa rabin garin nan karatu na haɗa hannu a baya na ƙi karanta layi huɗu. Kuma don in faɗi gaskiya duka, da dattijon ya ba ni takardar sai da na juya bayanta na duba ko an rubuta wani abu a can. Ƙanin mijina ya ga lokacin da na juya ta.

Na ce, "Malam, yaushe zai sake wucewa? Dutsen."

Yana naɗe waya a hannu, bai ɗago ba. Ya ce zai yi ta wucewa, amma inuwarsa ta sake bi ta nan, wannan ba a zamaninmu ba. Na ce bari in sa hannu a takardar yanzu. Ya ce babu amfani, in riƙe ta. Ya sunkuya zai tuge turakun a gaban shaidu, kamar yadda al'ada ta ce, na ce ya bar su. Ya bar su, ba don ya ji maganata ba, ina jin gajiya ce kawai.

Na taya shi ɗaukar ƙafafun madubin zuwa mota, sun fi yadda na zata nauyi. Ya karɓa ya sa a baya, ya rufe, ya ce, "Na gode, Malama. Sai da safe."

Takardar tana cikin Littafi Mai Tsarki nawa har yau, turakun kuma suna gefen dutsen, fentin ya goge, masu yi mini noma sun san ba a taɓa su. Gonar tawa ce, babu wanda ya sake cewa tukuna. Yana zuwa Kirsimeti, yana zuwa bikin aure, ya raka 'yata ta biyu coci ranar aurenta a madadin babanta. Na ba shi haƙuri sau biyu, ya ce ba komai, ya wuce. Yana gaishe ni da ladabi kamar yadda ake gaida matar maƙwabci, kuma tun daga wannan daren bai sake kirana matarmu ba.